Tsakanin La'asar da Magariba

Duk lokacin da na bi ta gaban ginin nan mai shuɗin fenti da ke bakin hanyarmu a Mabera, sai raina ya ɓaci, ko da daga ɗaurin aure na fito. Har yanzu allon yana saman ƙofa, an rubuta wai cibiya ce ta koya wa 'ya'yan talakawa sana'a bayan sun taso daga makaranta. Ƙofar kuwa da kwaɗo, kwaɗon ma ya yi tsatsa, awaki ne ke wuni a barandar. 'Ya'yana suna cewa in cire abin a raina, wai fushi ba ya yi wa mai hawan jini kyau. Ni ban ga dalilin cirewa ba. Jikana Lawali yana tsare a yau, kuma a wurina wannan kwaɗon yana cikin waɗanda suka kai shi can. Bari in faro daga inda na san abin, don kada a ce mitar tsufa ce kawai.

Ni ɗan barunje ne, wato mahauci, kuma ba irin manyan nan masu kayar da sa su rarraba ba. Mahaifina kayan ciki yake wanke wa mutane a mahauta, a sallame shi da ɗan abin da ya samu, wata rana a haɗa masa da huhu ko saifa ya kawo gida. A tsohon gari muke, can wajen Hubbare, inda tun asuba za ka ji takun baƙi masu zuwa ziyara da kukan jakunan masu itace, sannan sautin taɓarya ya ɗauka gida gida har rana ta ɗaga. Wunin yaro a lokacin a cike yake. Da sassafe allo, daga nan makarantar boko ga wanda aka sa, mu dawo da azahar muna ɗingisa ƙafa don rairayin Sakkwato ba ya tausayin marar takalmi. Ka sha fura, ka kai wa mahaifi abinci, ka ɗebo ruwa, ka nemo wa akuya dusa. Amma da an sallame la'asar, rana ta yi sanyi, to yaro ya zama ba na kowa ba har a kira magariba. Mahaifiyata takan ce ita ba ta tsoron safiya, don da safe kowa yana da aikin da zai sa yaro, ba ta kuma tsoron dare, don duhu da kansa yana koro shi gida. Marece ne kawai yake hana ta sukuni.

A wannan tsakanin ne hukuma ta sa hannu. Ban taɓa sanin sunan wanda ya yi tunanin ba, don a lokacin mutum ba ya manna hotonsa a bango saboda ya yi aikin da aka ɗauke shi ya yi. Wani babban zaure ne na ƙasa a unguwarmu, aka zaunar da wani baduku a ciki ana ce masa Malam Ummaru, ana biyansa duk wata don ya koya wa yara aikin fata. Hukuma ke kawo jemammun fatun akuya, ita ke kawo gero, wata tsohuwa a maƙwabta tana dama kunu. Ba a tambayar ɗan wane ne kai, amma kowa ya san 'ya'yan masu hali ba su zuwa. Mu ne dai, 'ya'yan rundawa da na 'yan dako da na masu sayar da ruwa. Da farko mahaifiyata ta yi ɗari-ɗari, don a al'adarmu kowa gadon gidansu yake bi, ɗan mahauci ya riƙe wuƙa, ɗan baduku ya riƙe basilla. Ta kuma ce kada a ga kamar ta kasa ciyar da ɗanta ne ta tura shi shan kunun hukuma. Mahaifina yana wanke hannu a lokacin, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Harajin da nika biya duk shekara, ai da shi na anka sawo hwatun ga da geron. Tahi ka sha abinka, yaro. Ba sadaka ta ba." Mutumin da bai taɓa riƙe alƙalami ba ke nan, amma ya san kuɗin hukuma gumin talaka ne ya zagayo ya dawo. Yau kuwa sunansa tallafi, sai an jera yara a rana an ɗauke su hoto suna tafi kafin a miƙa musu abin da aka cira daga aljihun iyayensu.

Har yanzu in na rufe ido ina jin warin zauren, warin bagaruwar jima haɗe da na kunun tsamiya. Ina jin ƙwanƙwasar guduma a kan dutse, da ƙarar wuƙa tana bin fata, da tarin Malam wanda yake riga shi shigowa. Yatsunmu kullum jajaye ne da rinin karan dafi, a makaranta har bulala muke sha wai ba mu wanke hannu ba. Malam Ummaru ba mutum ne mai fara'a ba. Gajere ne, mai saurin faɗa, in ɗinkinka ya karkace sai ya ɗaga aikin sama ya tambayi zaure ko kaza ce ta bi ta kai. Amma yana da wata ɗabi'a da sai da na girma na gane ta. Ya kafa ƙusoshi a jikin bango, kowane yaro da tasa, a nan kake rataye aikinka in an tashi. Ba ya kiran suna. In an dawo daga sallar la'asar kowa ya sauko da nasa, shi kuma sai ya ɗaga kai ya dubi bango. Duk ƙusar da ya ga aiki na rataye a kai, ya san mai ita bai zo ba. Sannan ba ya taɓa barin yaro ya ƙarasa aiki da magariba. Da ladan ya ɗaga murya, ko ɗinki kaɗan ya rage maka, sai ka rataye. In ka yi wayo ka yi sauri ka gama, sai ya karɓa ya warware maka gefe guda ya miƙo. Yakan ce, "Aikin da kaƙ ƙare ba shi kiranka gobe." Mu a lokacin mugunta muka ɗauka, muna ta zaginsa a hanyar gida.

Akwai wani dillalin shanu a kara, wato kasuwar dabbobi, da ke neman yara masu ɗan tsawo su kora masa shanu zuwa Kurmi a ƙasa, tafiyar watanni. Shi ma ya san lokacin kamun yaro. Ba ya zuwa da safe, sai bayan la'asar zai shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ya sa a kawo tsire. Ya dube ni ya ce ɗan barunje ba ya tsoron ƙaho, in na bi shi zan dawo da agogo a hannu da keke a ƙasa. Ya je ya sami mahaifina, shi kuma bai ce i ba, bai ce a'a ba, don shekarar ta zo da tsanani kuma baki ɗaya in ya ragu a gida ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ran nan da na idar da la'asar sai na miƙe kara maimakon zaure. Ina zaune a gefen tabarma da tsinken tsire a hannu, ina ganin kaina a kan keke, sai na ji tarin nan daga baya. Malam Ummaru ne, ya taho tun daga unguwarmu a ƙasa, zufa ta jiƙa masa riga. A hannunsa yana riƙe da alaben da nake ɗinkawa, wato 'yar jakar kuɗi ta fata, zare na reto da basilla a jiki.

Dillalin ya ce, "Malam Ummaru, lahiya dai?"

"Lahiya lau, Alhaji. Mai wanga aiki niz zo nema." Ya juyo gare ni ya ɗaga alaben. "Kai, wanga na wa na?"

Na ce, "Nau na, Malam."

"To wa kab bar ma shi? Ni kaka so in ƙare maka?"

Na sunkuyar da kai. Dillalin ya gyara zama ya ce, "Malam, ubanai ya san da maganar. Jibi za mu tashi, yaro shi samu abin kainai."

Malam ya ce, "Na ji, Alhaji. Amma hwatar ga ta hukuma ta, kuma da sunanai anka yanke ta. In ya ƙare aikin da ag ga hannunai, ga ka ga shi."

"To yaushe za shi ƙarewa?"

"Allah masani. Hannunai na da nauyi."

Ya miƙo mini alaben ya juya, na ajiye tsinken na bi shi. Da muka shiga zaure yara suka ɗago kai gaba ɗaya, na kusa da wurina ya matsa, sai na ga an rufe mini kununa da faifai an ajiye. Wannan rufaffen kunun ya fi duk wani faɗa shiga jikina, na zauna ina ɗinki hawaye na ɗiga a kan fatar. Kafin in kai ƙarshen alaben Malam ya riga ya yanka mini gafaka, kafin in gama gafaka ga kuben wuƙa. Shanu suka tafi ba da ni ba. Cikin yaran da suka bi su, wasu sun dawo da gemu da tari da shan taba, ba sana'a ba keke, wani kuma har iyayensa suka rasu ba a sake jin labarinsa ba. Ni da basillar nan na yi aure, da ita na ciyar da 'ya'ya, da ita na ɗora bulo a kan bulo a nan Mabera. Bayan Malam ya rasu ba a kawo wani ba, damina ta cinye zauren, yau shagunan sayar da waya ne a wurin.

Lawali ɗan babban ɗana ne. Uban yana kabu-kabu da babur, yana fita kafin yara su tashi, ba ya dawowa sai sun yi barci. Uwar tana suyar awara a ƙofar gida, idonta na kan kasko. Yaron ya fara tsawo, murya ta fara buɗewa, ya sauke a Islamiyya, sai ya ga ya fi ƙarfin zama cikin ƙanana. Tsoho yake ce mini, yana tsokanata wai na kusa bar masa kakarsa, ni kuma ina ce masa ragon gida, ko sadakin kaza ba zai iya biya ba. Yaro ne mai kunya, mai son dabbobi. Amma marece na nan yadda mahaifiyata ta san shi, sai ma abin da ya ƙaru. A zamaninmu dillali ɗaya ne da tsirensa. Yanzu kowane lungu da nasa, ga masu ƙwaya a bayan makaranta, ga kwalaben maganin tari zube a kwata, ga 'yan bangar siyasa da sababbin babura suna kewaya unguwa. Ina zaune a zaure ina kallon yaran layinmu suna taruwa a gindin shago da an yi la'asar, ba aiki ba aika.

Shi ya sa da aka ce gwamnati ta ware kuɗi za a buɗe cibiyar nan, na fi kowa murna. Ranar buɗewa na sa babbar rigata ta Juma'a na je. An kafa rumfuna, an kawo makaɗa, Onarabul ɗin da ke wakiltarmu ya zo da jerin motoci ya yanke ƙyalle. Ya yi jawabi ya ce daga yau babu ɗan talakan da zai sake gararamba a titi in ya taso daga makaranta. Aka zagaya da mu ciki, ga kekunan ɗinki, ga kwamfuta, har da wani tebur na kayan aikin fata sababbi ful. Na shafa guduma na ji kamar in yi kuka. Na yi tafi ran nan har tafin hannuna ya yi zafi, kuma har yau ina jin haushin tafin nan.

Da mako ya kewayo na ce wa Lawali in ya yi la'asar ya je ya ba da sunansa. Bai daɗe ba ya dawo ya ce, "Tsoho, a ruhe take." Kashegari ma haka. Na ɗauka wayon rago ne, sai na ɗauki sandata da hantsi na tafi da kaina. Na tarar da ƙofa a buɗe, fanka na juyawa, ma'aikata a zazzaune, wata tana tsince wake a tire, wani yana barci a kan teburin kwamfuta. Yaro ko ɗaya babu, kuma ina za a sami yaro da hantsi, duk suna aji. Aka nuna mini shugaban wurin, wani saurayi da katin aiki rataye a wuya. Ya gaishe ni da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba.

Na ce, "Ɗana, yaushe kuka buɗewa, yaushe kuka ruhewa?"

Ya ce, "Takwas na sahe zuwa huɗu na marece, Baba. Jumma'a kuma mu tashi da wuri."

"To ɗiyan da anka gina ma wurin ga, takwas na sahe ina suke?"

"Makaranta, Baba."

"Huɗu na marece hwa?"

Ya yi murmushi ya ce ai yara suna tashi daga makaranta ƙarfe biyu, mai so yana iya zuwa kafin huɗu. Na tambaye shi ko ya taɓa tako rana tsaka a garin nan da yunwa a cikinsa, ya je gida ya ci abinci ya yi aiken uwa, sannan ya sake fitowa kafin la'asar. Na ce kuma na ji labari su ma'aikatan in suka fita sallar la'asar, daga masallaci sai gida. Ya ce, "Baba, mu ma'aikatan gwamnati na, lokacin aiki a rubuce yake. In za mu wuce huɗu sai an amince da alawus, kuma wannan ba hurumina na ba, sai can ohis."

Na ce, "To ba ni mabuɗi. Ni baduku na. In zauna da su daga la'asar har magariba, ban son ko kwabo."

"Ayya Baba, kayan gwamnati ba a ba wanda ba ma'aikaci ba. In wani abu ya ɓace, ni za a tuhuma."

Na je can ofishin ma. Aka ce mai sa hannu ya tafi taro, na koma aka ce ya yi tafiya, na sake komawa wani ya ba ni kujera ya ce shawarata mai kyau ce, za a duba. Mutane masu digiri, sun zauna sun tsara wuri don yaran da suka taso daga makaranta, suka buɗe shi lokacin da yaran ke makaranta, suka rufe shi lokacin da suka fito, kuma a cikinsu duk babu wanda ya ji kunya. Da shekara ta zagayo sai suka ce an duba an ga matasa ba su zuwa, don haka aka janye kuɗin. Da kunnena na ji wani babba a rediyo yana cewa yaran yanzu ba su son koyon sana'a, sun fi son kuɗin banza. Saura kaɗan in jefar da rediyon a rijiya. Kun kulle wa yaro ƙofa, sannan kun hau iska kuna gaya wa duniya ya ƙi shiga. Allah ya isa tsakanina da mai wannan magana, kuma ba zan janye ba.

Da na ga haka sai na kafa ƙusa a zaurena. Na tattara 'yan kuɗin magani na sayo fata guda, na yanka wa Lawali alabe. Yaron yana da hannu, ɗinkinsa a miƙe tun ranar farko, na ɓoye murnata na ce masa kaza ta fi shi. Da magariba in karɓe in rataye, yana mita yana dariya. Mun ɗan ɗauki kwanaki a haka. Sai dai idona ya yi yana, ba na ganin ramin basilla, fata ta yi tsadar da ban iya sayo ta biyu ba, kuma yaro ba don tsoho yake zama ba, don 'yan'uwansa yara yake zama. Yana ɗinki kunnensa na waje, yana jin babura da shewar abokansa. Ran nan na dawo daga la'asar na ɗaga kai na ga alabe a rataye.

Na san abin da Malam Ummaru zai yi, shi na yi. Na sauke alaben na riƙe, na ɗauki sanda na yi ta tambaya har aka ce mini yaran layinmu suna gidan Onarabul, wanda dai ya yanke ƙyallen nan, don zaɓe ya matso. Na iske ƙofar gidan wangame, benci a jere, yara cike, ga tukunyar shinkafa ana rabawa, ga wani yana raba huluna masu hoto. Wani ƙato da ke kula da su ya tare ni ya ce, "Baba, shigo mana. Nan ba mu ruhe ƙohwa. Da an yi la'asar kowa na iya zuwa." Na hango Lawali a ƙarshen benci da hula a kai. Na ɗaga alaben na ce, "Kai, wanga na wa na?" Yaran suka fashe da dariya, wani ya ce tsoho ya kawo talla. Lawali ya taso da sauri, kunya ta rufe shi, ya ja ni gefe ya ce a hankali, "Tsoho, don Allah tahi gida. Ina nan zuwa." Na tsaya da alabe a hannu ina jiran ya biyo ni, ya koma ya zauna. A hanya na gane bambancin. Malam Ummaru da ya je kara, bayansa akwai zaure cike da yara, da kunu a rufe, da hukumar da dillali ke shakka. Ni sanda kawai gare ni, hukumar kuwa ita ce mai tukunyar shinkafar.

Abin da ya biyo baya ba dogo ba ne. Aka kwashe su a mota zuwa taron siyasa, suka haɗu da yaran ɗaya ɓangaren, aka yi sanduna da duwatsu. An fasa kan wani yaro, shi ma ɗan wani talaka ne, ya daɗe a asibiti. 'Yan sanda suka kama waɗanda ba su iya gudu ba, Lawali na ciki, kuma shaidu sun ce sandarsa ce. Onarabul ya aiko da sanarwa cewa bai san su ba, shi mai son zaman lafiya ne. Alƙali ya dubi shekarun yaron ya tura shi gidan gyaran halin yara. Uwarsa ta daina suya, uban ya daina magana a gida.

Ranar ziyara na sa aka kai ni. Aka fito da shi, ya rame, an aske masa kai. Ya durƙusa ya gaishe ni, bai ce mini Tsoho ba, Kaka ya ce, abin da bai taɓa yi ba. Na kama hannunsa don in ji ko da sauran nama, na kawo shi kusa da idona, sai na ga yatsun jajaye. Na san jan nan, na kwana da shi shekaru.

Na ce, "Mi at wanga ga hannunka?"

Ya ce, "Rini na, Kaka. Akwai wani baduku da ka zuwa yana koya muna aikin hwata. Ya ce hannuna na da kyau."

"Wa ka biyan shi?"

"Gwamnati."

"Hwatun hwa?"

"Su ka kawowa. Har kunu aka ba mu."

Na ce, "Yaushe shika zuwa?"

"In mun yi la'asar. Mu tashi da magariba."

Ban san lokacin da sandar ta faɗi daga hannuna ba. Ashe sun san lokacin. Akwai malamin, akwai fatar, akwai geron, akwai wanda zai sa hannu a biya alawus na marece. Jira kawai suke ɗan talaka ya fasa kan ɗan talaka, a kulle shi ta baya, sannan a kawo masa abin da aka hana shi yana waje. Mai gadi ya ce lokaci ya yi. Lawali ya ɗauko sandar ya sa mini a hannu, ya ce, "Kaka, alabena na nan?" Na ce yana nan. Ya ce, "Kar kowa shi ƙare mani shi."

Na dawo ta gaban ginin mai shuɗin fenti, awaki na kwance a baranda, ban tsaya ba. Jiya uwarsa tana sharar zaure ta miƙa hannu za ta sauke alaben, wai ganinsa yana sa ta kuka. Na ce ta bar shi a inda yake, mai shi bai zo ba tukuna.